Hoton dala ɗari

A hutun makaranta da ya wuce, ɗan ƙanwata ya same ni a kan tabarma bayan isha'i, kamara rataye a wuya, yana ta murmushi kamar wanda ya ci kasuwa. Jiyansa ƴan ƙwallon wata unguwa ta Garhanga sun je karawa da na wani ƙauye, shi kuma ya hau kabu-kabu ya bi su. Kafin a busa usur ya jera su, na baya a tsaye, na gaba a durƙushe, mai tsaron gida a tsakiya rungume da ƙwallo, ya ɗauke su. Yara goma sha shida ne, goma suka ce suna so. Kowane hoto dala ɗari, wato sefa 500.

"Kawu, na yi cinikin jika biyar," in ji shi.

"Madalla, ɗana. Ina kuɗin?"

Ya zazzage aljihu, jika uku da rabi suka faɗo. Uku daga cikin yaran sun ce sai ran kasuwa. Na ce masa ya miƙo kwalin da takardun hoton ke zuwa a ciki, mu yi lissafi a bayansa.

Na'urar wanke hoton da yake aiki da ita ƴar ƙarama ce ta Canon da ake kira Selphy. Kwalinta ɗaya yana ɗauke da takarda 108 masu faɗin santimita 10 da tsawon 15, tare da tawadar da za ta ishe su daidai. Alherin irin wannan na'ura shi ne ba ta ɓoye wa mai ita komai, takarda da tawada tare suke ƙarewa, don haka ana iya sanin abin da kowane hoto ya ci. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na cike su don lissafi ya yi sauƙi, kowa sai ya sa na kasuwarsa. A ce kwalin ya iso hannunka a jika talatin, har da kuɗin mota. Cikin 108 ɗin, takwas za su tafi a banza: wani ya rufe ido, wani ƙura ta hau takardar, wani ka danna sau biyu. Saura ɗari. Kowane hoto ya tashi a sefa 300 ke nan, dala sittin.

Shi a ransa ribarsa dala arba'in ce a kan kowane hoto. To, hoto goma sun ci takardar jika uku. Kabu-kabu zuwa da dawowa jika ɗaya da rabi. Cajin batir wurin mai sola da ɗan katin da ya sa a salula don kiran koci, sefa 500. Jimla jika biyar cif. Ko da yaran nan uku sun biya, ya yini a rana ne kawai ya dawo inda ya tashi. In kuwa ba su biya ba, shi ne ya ciyar da ƙungiyar da jika ɗaya da rabi daga aljihunsa. Murmushin ya ragu.

Kuma ba mu gama ba. Akwai kuɗin da ba ya fita daga aljihu ran nan, amma yana fita. Kamara tana tsufa. A cikinta akwai wata ƴar ƙofa da ke buɗewa ta rufe duk lokacin da aka danna, kuma masu ƙera ƙananan kamarori irin wadda yake da ita sukan ƙiyasta mata wajen dannawa dubu ɗari kafin ta gaji. Wanda ya sayi ta hannu bai san nawa mai ita na farko ya ci daga ciki ba. Mai ɗaukar ƴan ƙwallo kuma ya fi kowa ɓarnar dannawa, don yakan danna sau ashirin kafin ya samu guda ɗaya da ƙwallo da ƙafa da fuska suka fito tare. Ga ƙurar Adar, wadda ko a cikin akwati ka kulle abu a hunturu sai ta same shi. A ce ya sayi kamarar jika ɗari biyu, kuma yana sa ran za ta kai shi fita ɗari biyu kafin ta buƙaci gyara mai tsada ko canji. Duk fita ɗaya ta ci jika guda. Wannan jikar in bai ware ta ba, ranar da kamarar ta tsaya sana'ar ma ta tsaya.

Sai ladan jikinsa. Matasa da yawa ba sa lissafa shi, wai ai nasu ne. Na tambaye shi, da ya je ƙwadago a garkar albasa yini guda, nawa za a ba shi? Mu ce jika biyu da rabi. To wannan ne mafi ƙarancin abin da yininsa ya cancanta, tun ba a yi maganar gwaninta ba. Idan aka tara kabu-kabu da caji da tsufan kamara da ladan yini, an samu jika biyar da rabi. Wannan shi nake kira kuɗin fita. Ko hoto ɗaya ya sayar ko ɗari, kuɗin fita yana nan yadda yake. Kuɗin takarda ne kaɗai ke hawa da sauka da yawan hotuna. Mafi yawan masu hoton da na ga sun karye, takarda suka yi wa farashi suka manta da ƙafa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A Bamako, a farkon shekarun 1960, Malick Sidibé yana da shagon hoto a unguwar Bagadadji. Da dare yakan zaga wuraren da ƙungiyoyin matasa ke shagali, irin fadojinmu na yau, ya yi ta ɗauka. Ya koma shago ya wanke ƙananan hotuna na gwaji, ya manna su a kan kwali, kowanne da lambarsa, da sunan ƙungiyar da kwanan wata a sama. Matasan su zo su duba, kowa ya nuna lambar da yake so, sannan a wanke masa nasa. Mutumin da daga baya, a 2007, aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venis, ga yadda ya riƙa kare takardarsa. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan yawon dare da kamara a shekarun 1960 da 1970. Shi kuwa mai hoto Seydou Keïta, wanda sunansa ya yi daidai da na garinmu Keita ba tare da wata dangantaka ba, an san shi da dannawa sau ɗaya tak ga kowane hoto, saboda kayan aiki na da tsada. Yau fuskar kamara ko ta salula ta maye gurbin kwalin Malick. A nuna wa yaro hotonsa a nan, ya zaɓa, ya biya, sannan takarda ta shiga na'ura.

Sai dai Malick a cikin birni yake, keke ko ɗan babur ya isar masa, kuma masu sayen suna zuwa shagonsa da ƙafarsu. Mai hoton Garhanga shi ke bin ƴan wasa, wata rana har ƙauyukan Tamaske ko Ibohamane ko wajen Buza, a kan hanyar da ke cin taya. Saboda haka nuna hoto kafin wankewa bai ishe shi ba. Yana buƙatar ya san kuɗin fitarsa ya fito tun bai tashi daga gida ba.

A Amurka, inda hoton ƙungiyoyin yara ya zama babbar sana'a, da haka suke yi. Ana sa rana guda ta hoto. Tun kafin ranar ana raba wa iyaye takarda mai jerin farashi, su zaɓi abin da suke so su biya, ran hoto yaro ya zo da shaidarsa. Kamfanin Lifetouch, wanda ya faro a jihar Minnesota a 1936 da ɗaukar ƴan makaranta, da irin wannan tsari ya girma har Shutterfly ya saye shi a 2018 kan dala miliyan 825, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Aljihunsu daban ne da namu, amma dabarar ai mun san ta tun kaka da kakanni. Sunanta kafin alƙalami. Tela yana karɓa, magini yana karɓa, maƙeri ma ba ya hura wuta sai ya ga na gawayi. Mai hoto ne kaɗai yake jin kunya.

Abin da na ba ɗan ƙanwata shawara shi ne ya daina ciniki da yara ɗaya bayan ɗaya a bakin fili, ya koma ciniki da ƙungiya. Ya samu koci, ko mushen da ke kula da su in ƴan makaranta ne, kwana uku ko huɗu kafin wasa. Kowane ɗan wasa ya kawo jika guda, a ba shi hoto biyu, na ƙungiya da nasa shi kaɗai da ƙafa a kan ƙwallo. Takarda biyu sefa 600, saura 400. Sau goma sha shida, 6,400. A cire kuɗin fita 5,500, saura 900. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma an biya kabu-kabu, an ajiye wa kamara nata, shi ma ya ci ladan yininsa.

Daɗin abin yana wani wuri da bai lura da shi ba. Ba a yin wasan ƙwallo da ƙungiya ɗaya. Duk filin da ya je, akwai wasu yara goma sha shida a ɗaya gefen, sanye da rigunan da suka wanke tun jiya, su ma suna son a ɗauke su. Da ya nemi lambar kocinsu ya yi magana da shi tun kafin ranar, da kuɗin fita ɗaya zai ci kasuwa biyu: 400 sau 32 ya ba da 12,800, a cire 5,500, saura 7,300. Ranar buɗe gasar babban hutu, wadda ƴan boko ke kira TGV, ƙungiyoyi da yawa ke hallara a fili guda, kowacce da sabbin riguna. Mai hoton da ya tsara wannan rana da kyau zai iya samun abin da wasanni biyar na ɗaiɗai ba za su ba shi ba.

In jika guda ta yi wa yara nauyi, akwai wata hanya. A haɗa hoton ƙungiya da na yaron a takarda ɗaya, na ƙungiya a ƙasa, nasa a sama, da sunan ƙungiyar da shekara a rubuce. Ana iya wannan haɗin a salula. Takarda ɗaya ce, sefa 300, a sayar 750. Yaro ya biya ƙasa da jika, mai hoto kuma ya tashi da 450 maimakon 400. Illarsa fuskokin ƙungiyar za su ƙanƙance, don haka sai an matso kusa wajen ɗauka, a bar sararin sama da duwatsu su huta.

Amma duk wannan lissafi yana kan tambaya ɗaya: jikar nan daga ina za ta fito? Yaro ɗan shekara goma sha uku ba shi da ita. Kuma babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, ya faɗo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kowane magidanci yana ƙirga tiya. Lokacin da aka fi buga ƙwallo shi ne lokacin da kuɗi suka fi wuya. Kuɗi a ƙasar Adar suna da watanninsu: bayan kaka, da lokacin cirar albasa a ƙarshen rani, da gabanin salla in ƴan ci-rani sun aiko ko sun dawo. Wanda ya san wannan yanki ya san gida kaɗan ne ba shi da wani a Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya. Sau da yawa mai biyan kuɗin hoton yaro yana can, yayansa ne da ya shekara biyu bai ga yadda ƙanensa ya yi tsawo ba. Shi takarda ba ta dame shi ba, so yake hoton ya shigo masa ta WhatsApp. Zai iya turo kuɗin ta NITA ko Al Izza ko Amana cikin yini guda, kuma jika guda a wurinsa ba ta kai nauyin da take da shi a ƙauye cikin watan Agusta ba.

Nan kuma sai an yi hattara. Hoton takarda in ka sayar, guda ɗaya ka sayar. Hoton da ka tura a salula kuwa, da ya bar hannunka ya zama na kowa. Kafin a sha shayi na biyu a fada, an raba shi ta Xender ga duk ƙungiyar, gobe wani ya kai shi Tawa an wanke masa. Don haka hoton ƙungiya ba a tura shi sai kuɗin kowa ya shigo. Na mutum ɗaya kuma, in za a tura, kada farashinsa ya gaza na takarda, ko da yake bai ci tawada ba. Za a ce maka, "To me ka kashe? Ai turawa ce kawai." Amsar tana cikin kuɗin fita. In dole sai an nuna samfuri, a tura ƙarami da sunan mai hoto rubuce a tsakiyarsa.

Wani zai ce, yanzu da kowa ke da Tecno ko Itel a aljihu, wa zai biya kuɗin hoto? Gaskiya ne salula ta kashe kasuwar hoton tsaye-ka-ɗauka. Abin da ba ta iya ba shi ne tsayar da yaro a sama yana kai wa ƙwallo kai daga nisan mita talatin, wanda ke buƙatar gilashi mai jawo nesa da saurin ɗauka na wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ba ta kuma san cewa wasanninmu bayan la'asar ake farawa ba, haske na gudu, don haka hoton ƙungiya kafin wasa ake yinsa, riguna da tsabta, rana a bayan mai ɗauka ko a gefensa, ba wanda ya sha kashi tukuna balle ya ɓata rai. Ba ta san ta kai yara gaban itatuwan nan da aikin Projen Keita ya dasa tun daga 1984 don hoto ya samu kore a baya ba. Hotunan cikin wasa, musamman na wanda ya ci ƙwallo, a sa musu farashi na daban, sama da na tsaye, don guda nawa ne ke fitowa da kyau a wasa ɗaya?

Akwai kuma mai saye guda da ya fi yara goma: uban ƙungiya. Kusan kowace ƙungiya tana da wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko ɗan ci-ranin da ya sayo riguna ko ya sa kofi. Shi babban hoto yake so, cikin gilashi, wanda zai rataya a shago, yana tsaye a tsakiya. Wannan sai an kai birni an wanke, saboda haka a lissafa kuɗin wanki da firam da mota, a ɗora lada mai kauri, a karɓi aƙalla rabi tun farko. Manyan mutane sun fi yara iya cewa "ka dawo gobe".

Maganar ragi fa? Mu mutanen taya da albarka ne, kuma wanda bai nemi ragi ba gani ake kamar bai iya ciniki ba. Amma a hoton ƙungiya ragi guba ne. Ka rage wa ɗaya dala ashirin, kafin magariba sauran sun ji, kowa ya zo karɓar tasa. Farashi ɗaya ga kowa, a faɗe shi a gaban kowa. In za a yi alheri, a yi shi ta hanyar gyara, yadda mai ƙosai ke ƙara ɗaya a kai: kocin da ya sha wahalar tara kuɗi da rubuta sunaye a ba shi hotonsa kyauta, maraya ɗaya ko biyu da kocin ya nuna a ɗauke musu a asirce. Sefa 300 ko 600 ne kan kowane mutum, kuma mai hoto ya san da su tun a lissafi. Dangi su ne suka fi wuya. Ranar da innarsa ta ce, "Yanzu ƙanenka ma sai ya biya?" na ce masa ya amsa da ladabi cewa aikin kyauta ne, takardar ce ta mutane. Ta biya dala sittin tana mita, amma ta biya.

Bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa. A ƙauye ba za ka ce ba ka bayarwa sam ba. Wanzamai da maƙera sun daɗe suna aiki a biya su da dami in kaka ta yi, kuma mai hoto ma zai iya karɓar gero in ya san kuɗin tiya. Bambancin shi ne askar wanzami ba ta ƙarewa da kowane aski, takarda kuwa tana ƙarewa, kuma mai sayar da ita ba ya jiran kaka. In za a bi bashi, a bi na lada, kuɗin takarda ya zo hannu.

Takardar ma farashinta ba ya zama wuri ɗaya, don daga waje take zuwa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, amma tsofaffin masu hoto ba su manta watan Janairun 1994 ba, da aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Kayan da ke biyowa ta Ƙonni daga Najeriya kuma suna rawa da naira, wadda ta faɗi sosai daga watan Yunin 2023, sannan ga rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Saboda haka in za a yanka wa hoto farashi, a tambayi nawa kwali na gaba zai ci. Wanda ya yi lissafi da kuɗin kwalin da ya saya wata huɗu da suka wuce, zai sayar da hoto ɗari ya tarar kuɗin ba su isa sayen wani kwalin ba.

Abu guda da ba na kuɗi ba amma yana iya rushe sana'ar: waɗannan ƴaƴan mutane ne. Kafin a sa hoton yaro a Facebook don talla, a nemi yardar iyayensa. In ƴan mata ne na makaranta, a bi ta hannun hukumar makarantar da iyaye tun kafin a ɗaga kamara, wanda ya ce ba ya so a ɗauki ƴarsa kuma a bar ta ba gardama. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, amma a Garhanga kafin doka ta iso, uban yarinya ya riga ya iso ƙofar gidanku.

In damina ta wuce, ƙwallo ya lafa, kamara ba za ta kwanta ba. Bayan kaka kokowa ke tashi, kuma ƙasar Tawa ba baƙuwarta ba ce, a nan aka yi gasar takobi ta farko a 1975, wadda Yacouba Kantu na Maraɗi ya lashe. Ƙananan ƴan kokowa na ƙauye, da layu da guraye a damtse, suna son hoto fiye da ƴan ƙwallo, kuma a lokacin akwai kuɗi a hannun mutane. Ga kuma ƙananan hotunan kati na ƴan jarrabawa da na lasisin ƴan wasa, waɗanda takarda ɗaya ke fitar da da yawa.

Mako biyu bayan zamanmu, na ji shi a zaure yana waya da wani koci.

"Malam, jika guda ne kowane yaro, hoto biyu. Ka rubuta sunayen waɗanda suka kawo. In sun kai goma sha huɗu ran Alhamis, ina nan tafe ran Juma'a."

Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "A'a wallahi, Malam, ba raini ba ne. Mai kabu-kabu ne ba ya karɓar alkawari."

Da ya kashe wayar ya leƙo ya tambaye ni ko ina da lambar wani a ƙauyen da za a kara da su.